Auna Zafin Wuta da Haskenta: Daga Maƙerar Gaya zuwa Livermore

Tarihin baka na Kano ya danganta kafuwar birnin da Abagayawa, wato maƙeran da suka taso daga ƙasar Gaya suka sauka a gindin Dala domin neman tama, kuma har yau maƙerin Gaya ko na Ajingi da ido yake auna zafi, domin yana lura da ƙarfe a cikin gawayi tun yana ja har ya soma yin fari, sannan ya ciro shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera. Wannan ka'ida, ta cewa launin haske yana bayyana zafin abin da ya fitar da shi, ita ce tushen awon da masu binciken haɗewar nukiliya suke yi, sai dai wutarsu ta wuce digiri miliyan 100, haskenta na eksire ne wanda ido ba ya gani, kuma ba ta kai kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa take mutuwa.

Gajartar lokacin ce ta fi ba su wahala. Charles Wheatstone ya auna tartsatsin lantarki da madubi mai juyawa a 1834, amma madubi yana da iyakar gudu, don haka a 1949 Courtney-Pratt ya koma ga bututun lantarki, wanda daga gare shi kyamara mai jan layi ta samo asali. Haske yana shiga ta siririyar tsaga ya faɗa kan shafen zinariya ko makamancinsa, ya fizgo ilektoron, sai ƙarfin lantarki mai sauyawa cikin hanzari ya karkatar da su a kan allo, ta yadda wanda ya riga zuwa yake sauka a wani gefe, na baya kuma a ɗaya gefen. Lokaci ke nan ya koma tazara da ake iya aunawa. Idan aka gitta ƙarau na kiristal a gaban kyamarar, bisa dokar Bragg ta 1913, hasken yakan rabu launi-launi kafin ya shiga.

Irin waɗannan kyamarori suna cikin kayan awon cibiyar NIF da ke Livermore a Amurka, inda a ranar 5 ga Disamba 2022 aka harba lesa 192 masu jimillar ƙarfin megajul 2.05 cikin ƙaramin mazubin da ke ɗauke da ƙwayar makamashi wadda ba ta wuce ƙwayar masoro ba, ta mayar da megajul 3.15.