Yadda ake mayar da mitar ampiya ma'aunin volt

Ma'aunin volt mai allura, wanda masu gyaran rediyo suka daɗe suna amfani da shi, asalinsa mita ce ta auna yawan wutar lantarkin da ke gudana a waya, aka ƙara mata rezisto.

A cikin mitar akwai naɗin siririyar waya a tsakiyar maganaɗisu. Idan wuta ta ratsa naɗin sai ya juya, allura ta motsa gwargwadon yawan wutar. Masanan Faransa, Jacques-Arsène d'Arsonval da Marcel Deprez, ne suka ɓullo da wannan tsari a 1882, kana Edward Weston ya inganta shi a Amurka a 1888.

Lissafi

Aikin ya dogara ne kan dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, wadda ta nuna cewa ana samun volt ne idan aka ninka ampiya da turjiya, wato om.

Alal misali, mitar da allurarta ke kai wa ƙarshe da miliampiya 1, naɗinta kuma ke da om 500, rabin volt kaɗai take iya ɗauka. Idan aka jona ta kai tsaye da batirin mota mai volt 12, wutar da za ta shige ta za ta ninka ƙa'ida sau 24, abin da kan iya lanƙwasa allurar ko ƙona naɗin.

Domin ta auna har volt 15, sai a raba 15 da 0.001, a sami om 15,000. Idan aka cire om 500 na naɗin, saura 14,500. Wannan shi ne reziston da za a jona a layi ɗaya da mitar. Daga nan sai a sake rubuta lambobin fuskarta daga 0 zuwa 15.

Iyakarta

Irin wannan ma'auni yana jan wuta daga abin da ake aunawa, don haka yakan nuna ƙasa da gaskiya a wurin da turjiya ke da yawa. Shi ya sa aka fi son mita mai maikiro-ampiya 50, wadda ke ba da om 20,000 ga kowane volt, maimakon 1,000. Akasarin mitocin dijital na yau suna da om miliyan 10.

Haka kuma, mitar ba ta auna wutar gida mai kai-komo, sai an haɗa mata da dayod.