Gubar Dalma a Duza da Darasin Kula da Muhalli

Duza wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Anka, yamma da Gusau, wanda mutanensa manoma ne tun kaka da kakanni. Sunansa bai shiga kunnen duniya ba sai a shekarar 2010, kuma dalilin shigarsa abin baƙin ciki ne. Ya kamata kowane ɗalibi ya san wannan tarihi, musamman masu ganin karatun kula da muhalli bai wuce shara da dashen itatuwa ba.

Ƙasar Zamfara ta daɗe da sanin zinariya, amma haƙarta ba ta kankama sosai ba sai da farashinta ya hau a kasuwannin duniya daga 2008. Nan fa manoman Anka da Bukkuyum suka jingine garma suka ɗauki diga. Sukan fasa dutse a ramuka, su kwaso shi cikin buhuna zuwa gida, a daka a turmi ko a niƙa da injin niƙan hatsi, a wanke, sannan a kama zinariyar da zaiba. Abin da ba su sani ba shi ne, dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurarsa kuwa ta bi tsakar gida da ɗakuna, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke bin sawun sanƙarau, suka tarar yara na ta jijjiga suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi musu komai ba. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. Binciken da aka yi a ƙauyuka biyu ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Jimillar yaran da aka rasa a yankin ta kai 400 ko fiye.

To, a nan ne darasin yake. Likitoci suna da maganin da ke fitar da dalma daga jini, amma ba shi da amfani idan yaro zai koma ya zauna kan ƙasar da ta sa masa gubar. Watau dole a warkar da ƙasa kafin a warkar da yaro. Wannan aiki kuwa na masana muhalli ne. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics ya jagorance shi tare da ma'aikatan gwamnatin jiha da matasan ƙauyukan. Suka kankare ƙasar gidaje, suka binne ta a manyan ramuka, suka zuba sabuwa. An fara da Dareta da 'Yargalma a tsakiyar 2010, sannan aka bi Abare da Tungar Guru da Sunke da Tungar Daji da Duza, aka gama a watan Maris na 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai da ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin, yaranta na zaune cikin guba.

Ba a daɗe ba, a 2015, irin wannan annoba ta sake ɓulla a Shikira ta Jihar Neja. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya isa wane tsoron Allah.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, auna ƙasa da ruwa ilmi ne da ake koyarwa a jami'o'inmu, bai kamata mu riƙa jiran baƙi daga ƙetare su zo su yi mana shi ba. Mu kuma masu nazarin Hausa akwai namu kason, domin gargaɗin da bai zo da harshen mai daka dutse ba, ba zai shiga gidansa ba. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya kiyaye na baya, amin.