Su wane ne 'yan ci-ranin ƙasar Sin?

Yawancin wayoyin da muke saya a Ikeja, hannun ɗan ci-rani ne ya haɗa su a ƙasar Sin. Can ana ce musu nongmingong, wato manomin da ya koma lebura. Yawansu ya kai kimanin miliyan 300. Suna barin ƙauyukan Sichuan da Henan da Anhui, su nufi masana'antun Shenzhen da Dongguan, ko wuraren gine-gine a Beijing da Shanghai.

Abin da ya ɗaure su shi ne hukou, rajistar gida da aka kafa dokarta a 1958. Inda sunanka yake a rajista, nan ne haƙƙinka na makaranta da asibiti da fansho ya fi ƙarfi. Ni da na tashi ina bin Baba kasuwar shanu a Kudu, na san zafin a ce maka kawo takardar ɗan asalin jiha. To nasu ya fi tsauri. Mutum sai ya shekara ashirin a Shenzhen yana baƙo. An sassauta a ƙananan birane, manyan kuwa har yanzu sai mai ilimi ko mai kuɗi.

Shi ya sa ake barin yara a ƙauye wajen kakanni. Wani ƙiyasi na 2013 ya ce sun kai miliyan 61. Wanda ma aka tafi da shi birni, galibi sai ya koma lardinsu ya rubuta gaokao, jarrabawar shiga jami'a.

Aikin gini ya fi ban tausayi. Ɗan kwangila, sau da yawa ɗan garinku ne, zai ɗauke ka da baki kawai, ba takarda. Kuɗin abinci za a riƙa ba ka, cikon sai ƙarshen shekara. In na sama bai biya shi ba, shi ke nan, kai ma ka shiga uku. A 2011 gwamnati ta mayar da hana albashi da gangan laifin ɗauri.

Matsuguni ma ba tabbas. A Nuwamba 2017 gobara ta kashe mutum 19 a unguwar Daxing ta Beijing, sai hukuma ta bi gidajen haya masu araha tana rushewa, aka kori dubban mutane cikin tsananin sanyi.

Da yawansu sau ɗaya suke ganin gida a shekara, lokacin bikin sabuwar shekararsu, a tururuwar kwana 40 da ake kira chunyun. Bayan biki, wani ba ya komawa tsohuwar masana'antarsa, sai inda ya ji labarin an fi biya.