Tumakin Yuta da ƙurar 1953

Wannan makon za mu leƙa Amurka, amma labarin makiyaya ne, kuma duk wanda ya taɓa rasa tunkiya mai ciki zai fahimce shi.

A watan Janairun 1951 gwamnatin Amurka ta fara gwajin bama-baman nukiliya a hamadar Nebada, kimanin kilomita 100 daga birnin Las Vegas. Akan jira har iska ta juya gabas kafin a tayar da bam, don kada ƙurar ta nufi manyan birane. A gabas ɗin kuwa akwai ƙananan garuruwan jihar Yuta, ciki har da Cedar City, inda jama'a ke rayuwa da kiwon tumaki. Da sanyi sukan kai garkunansu dajin Nebada, idan lokacin aski da haihuwa ya ƙarato su koro su gida.

Daga Maris zuwa Yunin 1953 an tayar da bam 11. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne na ranar 19 ga Mayu, da aka raɗa wa suna Harry, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima sau biyu. A kan hasumiyar ƙarfe aka ɗora shi, don haka ya zuƙi ƙasa da ƙarfen ya yi sama da su, sannan suka dawo a matsayin ƙura mai guba a kan ciyawa.

Da garkuna suka iso gida, makiyayan suka ga abin da ba su taɓa gani ba. Gyambuna a baki da hanci, gashi na zubewa dunƙule-dunƙule idan an kama shi, tumaki na ɓari, 'ya'yan da aka haifa da rai ƙanana ne ƙwarai, wasu ko miƙewa su sha nono ba sa iyawa. Cikin tumaki kusan 12,000 da suka yi kiwo a yankin, sama da 4,000 suka mutu.

Me ya sa dabba ta fi mai ita jin jiki? Mutum yana shaƙar ƙurar, ita kuwa tunkiya wuni take tana kiwo, tana tattara abin da ya sauka a fili mai faɗi tana cusawa cikinta. Cikin ƙurar akwai wani nau'in aidin mai guba da ke taruwa a tsokar nan ta gaban maƙogwaro, wadda kumburinta ke jawo maƙoƙo, kuma yana bi ta nono. Shi duk kwana 8 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Sinadarin siziyam kuwa, da ke shiga nama, sai ya yi kusan shekara 30 kafin ya ragu da rabi. Dalilin ke nan da har yau masana ke auna nono da naman dawakai da tumakin da ke kiwo a Semipalatinsk ta Kazakistan, inda Tarayyar Sobiyet ta yi gwaji 456 tsakanin 1949 da 1989.

Mu koma Yuta. Hukumar makamashin nukiliya ta turo likitocin dabbobi, wasunsu suka auna gawarwakin suka ce akwai hannun gubar a ciki. Amma sanarwar da hukumar ta fitar cewa ta yi yunwa da sanyi ne suka kashe tumakin. A ganinmu wannan ya fi asarar ciwo: a dubi mutumin da ya gaji kiwo kaka da kakanni a ce masa bai san yunwa ba idan ya gan ta a jikin dabbarsa.

Makiyayan, da iyalin Bulloch a gaba, suka kai ƙara. A 1956 alƙali Sherman Christensen ya ba gwamnati gaskiya, domin galibin masana a bayanta suka tsaya. Sai a 1979, da majalisar dokoki ta tono takardun sirri, aka ga yadda aka matsa wa likitocin nan lamba su canja ra'ayi, aka kuma ɓoye sakamakon da bai yi wa hukumar daɗi ba. A 1982 alƙalin nan dai, bayan shekara 26, ya rushe hukuncinsa da kansa, ya ce an yaudari kotu, a sake shari'a. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarninsa, a 1986 kuma Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron maganar.

A 1990 aka yi dokar biyan dala 50,000 ga mazauna yankin da suka kamu da wasu nau'o'in ciwon daji. Tumaki ba sa cikin lissafin, kuma ko sisin kwabo makiyayan ba su samu a kansu ba.