Ɗan Maƙerin Da Ya Tatso Lantarki Daga Maganaɗisu

A shekarar 1820, a birnin Kwafanhagen na ƙasar Denmak, malamin jami'a Hans Christian Ørsted ya jona waya da batir, sai ya ga allurar kamfas da ke kusa ta karkata. Da ya cire wayar, allura ta koma ta fuskanci arewa. Ashe wutar da ke bi ta waya tana haifar da maganaɗisu a kewayenta. Kafin nan masana da dama na ganin lantarki daban, maganaɗisu daban.

Labari ya isa Landan, ya iske Michael Faraday. An haife shi a 1791, ɗan maƙeri ne, kuma bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, shi kuwa littafin da aka kawo ɗinki sai ya zauna ya karance shi. A 1813 masani Humphry Davy ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji.

Tambaya ɗaya ta hana Faraday sakat: tunda lantarki na haifar da maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifar da lantarki? Ya yi ta gwadawa shekara da shekaru, shiru. Ranar 29 ga Agustan 1831 ya ɗauko zoben ƙarfe, ya naɗa masa waya biyu da ba sa taɓa juna, ɗaya ga batir, ɗaya ga ma'aunin wuta. Allurar ma'auni ta zabura a daidai lokacin da ya jona batir, sannan ta lafa. Ya cire, ta sake zabura.

Wani zai iya cewa kuskuren na'ura ne ya wuce, amma Faraday ya bi diddigi. A watan Oktoba ya cusa sandar maganaɗisu cikin naɗin waya: in tana motsi wuta ta samu, in ta tsaya babu komai. Sirrin yana cikin canji.

Tiransifomar unguwa jikar zoben nan ce. A madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ruwan Kwara ne ke juya maganaɗisu a tsakiyar naɗin waya, yadda fetur ke yi a ƙaramin janaretan mai shago.

Ɗalibi, nemi ƙusa da batirin tocila da siririyar waya mai rufi. Naɗa wayar a jikin ƙusa, ka jona ta da batirin na ɗan lokaci, ka matso da allura kusa ka gani da idonka.