Rage sharuɗɗa marasa amfani a rubutun umarnin kwamfuta

Mene ne sharaɗi?

Kwamfuta da wayar salula ba su da tunanin kansu. Suna bin umarnin da mutum ya rubuta musu ne, layi bayan layi. Wani lokaci umarnin yakan ce: “idan abu kaza ya faru, yi kaza, in ba haka ba, yi kaza.” Wannan shi ake kira sharaɗi. Kamar mararraba yake, inda hanya ɗaya take rabuwa biyu.

Me ya sa yawan sharuɗɗa ke da haɗari?

Sharaɗi ɗaya yana haifar da hanyoyi 2, sharuɗɗa biyu a jere hanyoyi 4, sharuɗɗa goma kuwa hanyoyi 1024. Da wuya mutum ya gwada su duka, kuma kuskure yakan ɓuya ne a hanyar da ba a gwada ba.

A shekarar 1968, masani Edsger Dijkstra na ƙasar Holand ya yi gargaɗi game da umarnin “goto”, wanda ke sa na'ura ta yi tsalle daga wani layi zuwa wani. A shekarar 2014 an gano cewa kamfanin Apple ya maimaita irin wannan layi bisa kuskure. Saboda haka wayoyin iPhone suka riƙa tsallake wani binciken tsaro, har sai da aka gyara.

Misali daga ƙasarmu

Nijar tana da jihohi 8, kowace da lambarta: 1 Agadas, 2 Difa, har zuwa 8 Yamai. Mai koyo zai rubuta sharuɗɗa takwas: “idan lamba 1 ce, rubuta Agadas, idan 2 ce, rubuta Difa.” Gwani kuwa zai jera sunayen a jadawali guda, ya ba da umarni ɗaya: “ɗauko sunan da ke gaban lambar.” Idan aka ƙara jiha, layi ɗaya kawai za a ƙara a jadawalin.

Shawarwari

1. Kafin ka rubuta sharaɗi, ka duba ko jadawali zai wadatar.
2. Ka fara da kawar da abin da bai dace ba: idan lambar ba ta cikin jadawali, a tsaya nan take.
3. Kada ka cusa sharaɗi cikin sharaɗi. Ka raba aikin gida-gida.
4. Ka ba wani ya karanta. Inda ya rikice, nan ne wurin gyara.