Inda shafi ke ƙarewa: labarin Knuth da TeX

A watan Maris na 1977, Donald Knuth, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Stanford ta Amurka, ya karɓi shafukan gwaji na sabon bugun juzu'i na biyu na littafinsa, The Art of Computer Programming. Bugun farko na 1969 da haruffan dalma aka tsara shi. Kafin a zo na biyu, maɗaba'u sun watsar da dalma sun koma na'urorin da ke aiki da haske, kuma abin da suka fitar ya ɓata masa rai. Sai ya ƙudurta rubuta manhajar da za ta tsara littafin bisa umarninsa. Ya zaci aikin 'yan watanni ne. Ya ci kusan shekara goma.

Manhajar ita ce TeX. Mai amfani da ita ba ya ganin shafi yayin rubutu. Umarni yake bayarwa: nan babi ne, nan lissafi, nan jadawali. Ita kuma tana ɗaukar kowane harafi a matsayin akwati mai tsawo da faɗi, giɓin da ke tsakanin kalmomi kuwa abu ne mai miƙewa da tsukewa. Maimakon ta cika layi ta wuce, sai ta auna sakin layi gaba ɗayansa, ta zaɓi wuraren yankewa da za su fi daidaita dukkan layukan. Knuth da ɗalibinsa Michael Plass sun wallafa wannan dabara a 1981, kuma a ganina ita ce mafi kyawun abin da ke cikin TeX.

Shafi ne ya gagara. Kwamfutocin lokacin ba su da wurin riƙe littafi sukutum, don haka TeX kan yanke shafi ɗaya ta sallame shi ba tare da duba abin da ke tafe ba. Plass ya nuna a kundin digirinsa na uku cewa da zarar hotuna sun shigo, neman rabon shafuka mafi dacewa yakan iya zama irin matsalar da ba a san gajeriyar hanyar warware ta ba. Hasali ma TeX ta asali ba ta san hoto ba: fili kawai take bari, wata manhaja ta cike shi daga baya. LaTeX, wadda Leslie Lamport ya gina a kanta a shekarun 1980, ta bar hotuna su yi ta matsawa har su sami gurbi. Duk wanda hotonsa ya tsallake zuwa ƙarshen babi ana gobe miƙa kundi ya san sakamakon.

Sauran giɓin wasu ne suka cike. Jörg Knappen ya zana haruffan harsunan Afirka, har da ɓ, ɗ da ƙ namu. Bayan kamfanin Adobe ya fito da PDF a 1993, Hàn Thế Thành ya samar da pdfTeX mai fitar da shi kai tsaye, da hotuna a ciki.

Knuth kuwa ya daina ƙara wa TeX sabon abu tun 1990, sai gyaran kurakurai. Kowane gyara yana ƙara lamba ɗaya a lambar sigar, wadda ke kusantar π. A 2021 ta kai 3.141592653. Ya yi wasiyyar cewa bayan rasuwarsa a mayar da ita π a bar ta haka, tare da tsohuwar hanyarta ta yanke shafi.